Jari-hujja ko gurguzu, wanne zai ba matasanmu aiki?

"Salam malam. Na gama digiri na yi bautar ƙasa, har yau ina yawo da takardu ba aiki, sai ɗan POS da nake riƙe wa yayana a bakin kasuwa. A majalisarmu kullum musu ake yi, wasu su ce jari-hujja ce ta kashe ƙasar nan, gara a koma gurguzu gwamnati ta riƙe komai ta ba kowa aiki kamar yadda Chaina ta yi, wasu kuma su ce gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, kuma duk tallafin da ake ba talaka lalaci yake koya masa. Don Allah wanne ne gaskiya? Sannan me ya sa a Turai ake biyan wanda ba shi da aiki, mu nan ba a biya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya buɗa maka ƙofar da ta fi alheri. In na fahimce ka abu uku kake tambaya a dunƙule: wane tsari ne ke sa ƙasa ta yi arziki, shin tallafi yana lalata mutum ko yana ɗaga shi, sannan me ya hana Najeriya biyan wanda ya rasa aiki. Ni tattalin arziki na karanta, kuma mafi yawan aikina bin gidaje ne a ƙauyukan Arewa ana ɗaukar bayanan abin da suke samu da abin da suke kashewa, da bin diddigin shirye-shiryen tallafi a ga ko kuɗin ya isa hannun wanda aka ce don shi aka fitar, to daga nan zan yi maka magana.

Tun farko bari in gaya maka inda na tsaya. Ba a taɓa samun ƙasar da ta fita daga talauci ba tare da ta bar mutane sun yi kasuwa sun mallaki abinsu ba, haka kuma ba a taɓa samun wadda ta fita don kawai gwamnati ta naɗe hannu ta ce kasuwa ta yi halinta ba. Abin da ya raba waɗanda suka ci gaba da mu shi ne gwamnatin da ke iya karɓar haraji, ta iya isar da abu inda ta ce za ta isar, ta kuma iya hukunta attajirin da ta ba gata in ya ƙi yin aikin da aka ba shi gatan dominsa. Wannan muka rasa, kuma shi ya sa duk tsarin da muka gwada yake rushe mana a hannu.

Su waye ma marasa aikin?

A rahotonta na watannin ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari na masu neman aiki ba su da shi. A 2023 sai ta fito ta ce a farkon shekarar kashi 4.1 ne, mutane suka yi ta zagi suna cewa ƙarya ake yi. Abin da ya faru shi ne an canza ma'auni. Da can in ba ka kai awa 20 kana aiki a mako ba ana lissafa ka cikin marasa aiki, yanzu kuwa an koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ko awa ɗaya ka yi a mako kana abin da zai kawo kuɗi, to kai ma'aikaci ne. Ka ga kai da POS ɗin yayanka a wannan lissafin kana da aiki.

Kuma akwai gaskiya a cikin lissafin duk da ɗacinsa. Talakan Najeriya ba shi da halin zama ya ce yana jiran aiki, in ya zauna yau gobe ba a ɗora tukunya. Nakan shiga gida in tambayi magidanci yana da aiki, ya ce min wallahi babu, sai mun zauna kan tabarma muna lissafi ka ji da damina yana noman gero da wake, da kaka ya yi wa wani roron gyaɗa a biya shi, da rani ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ya yi ga-ruwa ko dako, ranar kasuwa ya ari mashin ya yi acaba, matarsa tana ƙuli-ƙuli 'yarsa tana talla. Aiki huɗu ko biyar a wuyan mutum ɗaya, amma zuwa watan Yuli rumbu ya ƙare yana auno a kwano. Fiye da mutum tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan irin wannan suke yi, ba takardar ɗauka, ba albashi, ba fansho. Hukumar nan dai ita ce a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da tsaro, kuma kusan biyu bisa uku a Arewa suke. To ciwonmu ke nan, mutane suna ta wahala amma wahalar ba ta haifar da komai mai yawa, saboda ba wuta, ba inji, ba ruwan noman rani, ba jari, ba hanya. Irinku masu digiri da ke jiran ofis kaso ne ƙarami a cikin abin, kodayake na san zafin da kuke ji ba ƙarami ba ne.

Abin da ya faru da waɗanda suka gwada

Masu kafa hujja da Chaina a majalisarku ka tambaye su wace Chainar suke nufi, don biyu ce. Akwai ta zamanin Mao, wadda daga 1958 aka ƙwace gonaki aka haɗa manoma a gandun gwamnati, kowa ya yi aiki a raba daidai, jami'ai kuma suna aika wa sama da rahoton amfanin gona na ƙarya don tsoron kujerarsu, cikin shekara uku zuwa huɗu yunwa ta kashe mutane miliyoyi masu yawan gaske. Sai kuma Chainar da ta fara a 1978 da Deng Xiaoping ya karɓi ragama. A wannan shekarar wasu manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka yi yarjejeniya a ɓoye suka dangwala yatsa, suka raba gandun kowa ya noma nasa, ya ba gwamnati kasonta saura nasa ne. Amfanin da suka samu ya sa gwamnati maimakon ta ɗaure su sai ta yaɗa tsarin a ƙasar baki ɗaya. A 1980 aka buɗe Shenzhen ga masu zuba jari daga waje, a 2001 suka shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Jam'iyyar gurguzu ce ke mulki har gobe, manyan bankuna da filaye suna hannun gwamnati, amma abin da ya cika masana'antu da ma'aikata kasuwa ce.

Kusa da mu akwai Tanzaniya. Julius Nyerere mutum ne mai gaskiya wanda ba a taɓa zarginsa da sata ba, shi ya sa misalinsa ke da amfani, ba za a ce ai ɓarayi ne suka ɓata tsarin ba. A 1967 ya yi shelar Arusha, gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni, daga baya aka kwashe miliyoyin manoma aka tara su a ƙauyukan Ujama. An samu ilimi sosai, yaƙi da jahilci ya yi nasara, ƙasar ta haɗu ba rikicin ƙabilanci, amma noma ya ja baya, shaguna suka bushe har sabulu da sukari sai an yi layi. Ya sauka a 1985, shekara ɗaya bayan nan magajinsa ya je wurin Asusun Lamuni na Duniya. Dalilin a fili yake: in farashi gwamnati ke yankewa, ba wanda ya san me ya yi ƙaranci me ya yi yawa, kuma manomin da ya san ko ya ƙara kwazo rabonsa ɗaya da wanda ya kwanta a inuwa ba zai ƙara ba.

Amma su ma masu cewa gwamnati ta cire hannu kwata-kwata tarihi bai goyi bayansu ba. Koriya ta Kudu a farkon shekarun 1960 talaucinta bai fi na ƙasashen Afirka da yawa sauƙi ba. Sun raba filayen manyan masu ƙasa ga ƙananan manoma, sun zuba kuɗi a firamare, gwamnatin Park Chung-hee ta riƙe bankuna tana ba kamfanoni bashi mai sauƙi, ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO da kanta a 1968. Sai dai gatan da sharaɗi yake tafe, dole ka sayar da kayanka a kasuwar duniya inda ba wanda ya san ubanka, in ka kasa a janye bashin a ba wani. Wannan sharaɗin ka riƙe shi, zan dawo kansa.

Shi kansa biyan marasa ƙarfi da kake gani a Turai, ba 'yan gurguzu suka fara shi ba. Bismarck na Jamus, wanda babban maƙiyinsu ne, shi ya kawo inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883 da fanshon tsufa a 1889, don kada ma'aikata su bi su. Amurka ta yi dokarta a 1935 zamanin Roosevelt bayan karyewar tattalin arzikin da ya bar kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba aiki. Wato jari-hujja ce ta gane in ba ta tare wanda ya faɗi ba ita ma ba za ta daɗe ba.

Mu ai mun ɗanɗana kowanne

Abin da ke ba ni takaici a irin musun majalisar nan shi ne ana yi kamar Najeriya ba ta gwada komai ba. Zamanin kuɗin mai na shekarun 1970 gwamnati ta shiga kusan komai: jirgin sama, jirgin ruwa, tarho, wuta, taki, takarda, haɗa motoci, otal. Aka fara masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba, ana ta biyan albashi. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 ka san halin da take ciki. Nigeria Airways ta mutu a 2003. Kamfanin tarho na gwamnati NITEL kuwa, kafin 2001 layukan waya a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, sai kana da hanya ake saka maka. Duk wanda ya ce a mayar wa gwamnati komai, wannan gwamnatin yake nufi, da waɗannan ma'aikatun, ba ta Chaina za a aro masa ba.

Sai aka juya. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona irin na auduga da gyaɗa, aka fara sayar da kamfanoni, aka rage kashe kuɗi a makarantu da asibitoci. Wasu matakan dole ne a lokacin don kuɗin mai ya faɗi bashi ya yi katutu, amma an yi su ba tare da an tanadi komai ga wanda abin zai faɗa wa ba. Je ka Kakuri a Kaduna ka ga abin da ya biyo baya. Masaƙar KTL tun 1957 take, ga Arewa Textiles ga UNTL, in an tashi aiki kekuna ne ke cika titi, mai abinci da mai shayi da mai gidan haya da tela da manomin auduga a Funtuwa da Gusau duk a jikin masaƙun nan suke ci. Tsadar kayan gyara bayan faɗuwar naira, rashin wuta, tsadar baƙin mai, ga atamfar fasa-ƙwauri tana kwararowa ta iyaka, ɗaya bayan ɗaya suka rufe, UNTL ta tsaya a 2007. Haka Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Na zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka shekara da shekaru suna jiran garatuti, wani yana gadi wani yana tura baro, 'ya'yansu da ya kamata a ce sun gaji sana'a su ne suka cika tashoshin acaba. A ƙasar da ke da tsari mutumin da masaƙarsa ta rufe ana riƙe shi na wasu watanni a koya masa wani aikin, namu gida kawai aka ce su tafi.

Kwatanta abu biyu da aka ba 'yan kasuwa ka ga bambanci. A 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a fili, kamfanoni da yawa suka shigo suna gasa, layin da aka fara sayarwa dubban nairori ya koma kusan kyauta, kuma POS ɗin da kake riƙewa ɗan wannan gasar ne. Daga Nuwamban 2013 aka miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta guda 11, kowanne aka ba shi yankinsa shi kaɗai, mai saye ba shi da inda zai koma, hukumar da ke sa ido kuma ba ƙarfi, har yau ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar. Duka biyun jari-hujja za a kira su, ɗaya akwai gasa ɗaya babu.

Yawancin manyan kuɗin da aka yi a ƙasar nan ta hanyar alfarma aka yi su: lasisin shigo da kaya, yafe kuɗin kwastan, samun dala a farashin gwamnati a sayar a kasuwar bayan fage, kwangila, takardun tallafin mai. Gatan Koriya muke bayarwa amma ba sharaɗin Koriya. Dubi shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, tunanin mai kyau ne kuma ya taimaka wa noman shinkafa, amma sama da tiriliyan ɗaya aka fitar kaso mai yawa bai dawo ba, kuma ba ka ji an ƙwace wa wani babba komai ba.

Maganar tallafi da lalaci

Me ya sa ake biya a Turai? Saboda kuɗin daga aljihun ma'aikacin ya fito tun farko. Kana aiki ana yankar wani abu a albashinka duk wata, kamfaninka ya ƙara nasa, ran da aikin ya tsaya a riƙa biyanka wani kaso na ɗan lokaci, da sharaɗin kana neman wani. Wannan sai inda yawancin mutane ke kan takardar albashi, gwamnati ta san ran da ka fara da ran da aka sallame ka. Mu da tara cikin goma ba su da takardar, wa zai tabbatar mai faci ya rasa aiki? Sannan ga haraji. Denmak tana tara sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, mu wajen kashi 10 muke. Norway mai mutum miliyan biyar da rabi tana karɓar kashi 78 na ribar kamfanonin mai, ta zuba a asusun da ta kafa a 1990 wanda ya haura dala tiriliyan ɗaya tuni. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004, ya kai wajen dala biliyan 20, aka rabe shi.

Ba wai doka ba ta san da maganar ba. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci abinci da matsuguni da kula da tsofaffi da tallafin marasa aiki da marasa lafiya, amma sashe na 6 ya hana ka kai gwamnati kotu a kan wannan babin. Abin da ya ɗan yi kama da na Turai shi ne wanda ke da asusun fansho, in ya yi wata huɗu ba aiki zai iya cire kashi 25 na abin da ya tara, kai kuwa da ba ka taɓa shiga ba bai shafe ka ba.

Batun lalaci kuma, a nan kam ina da ta cewa. An bi diddigin shirye-shiryen ba talakawa kuɗi a Meziko da Indonesiya da Maroko da Filifin da wasu ƙasashen, ba a ga mutane sun rage aiki ba. Ni ma ban gani ba. Shirin da aka fara a nan Najeriya a 2016 naira 5,000 ce a wata a lokacin, ana haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, wa zai ajiye fartanya saboda wannan? Wata dattijuwa da na sha komawa gidanta, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, ita da matan unguwarsu suka riƙa zuba wani abu daga kuɗin a adashi, da ɗaukarta ta zo ta sayi akuya mai ciki, ɗauka ta biyu ta sayi gyaɗa tiya-tiya ta koma ƙuli da mai. Abin da ta fi nanata min shi ne a wannan daminar ba ta sayar da wakenta tun yana gona ba. Wanda ya san ƙauye ya san nauyin maganar nan, don talaka a watan Agusta yake cin bashin da zai biya da buhu a kaka a rabin farashi, ko ya tafi ƙwadago gonar wani tasa ciyawa ta cinye. Ɗan kuɗin da ya zo a kan lokaci shi ke tsinka wannan igiyar.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne yadda ake gudanarwa. Na ga ƙauyen da jerin sunayen ya cika da dangin masu faɗa a ji, na ga inda aka yi wata shida ba a biya ba sai gab da zaɓe, na ga wakilin da ke yankar nasa kafin ya miƙa wa tsohuwa. A Janairun 2024 har ministar jinƙai aka dakatar kan zargin karkatar da kuɗi. Shirin N-Power na ba matasa aikin wucin gadi kuma, naira 30,000 a wata ta rufa wa matasa da yawa asiri, wasu sun tara sun ja jari, amma an tura mutum aji ba horo ba mai duba shi, wa'adi ya cika aka sallame shi ya koma inda ya fito, don babu masana'antar da ke jiransa a waje. Tallafi yana hana mutum nutsewa, amma ba shi ke samar da aikin yi ba, kuma kuskure ne a riƙa tallata shi da sunan maganin zaman kashe wando.

Tallafin mai ma haka. A 2022 ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, kuma mai motoci uku da mai fasa-ƙwauri zuwa maƙwabta sun fi mai keke amfana, don haka ni ina cikin masu ganin ba zai ɗore ba. Amma ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire shi da baki ɗaya, makonni kaɗan aka saki naira, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekarar. Naira 25,000 na wata uku da aka yi wa gidaje miliyan 15 alkawari sai daga baya ta fara fita a guntu-guntu, sabon mafi ƙarancin albashi na 70,000 sai Yulin 2024, shi ma masu albashi kaɗai ya shafa. An rushe tsohuwar rumfa tsakiyar damina ba a kafa sabuwa ba. Da rajistar talakawa aka fara gyarawa, aka fara biya, aka tanadi motocin haya, sannan aka cire a hankali, da wahalar ba ta kai haka ba.

Akwai ƙasashen da ba su fi mu tsarki ba da suka iya. Burazil ta fara Bolsa Familia a 2003, rajista ɗaya ta ƙasa, kuɗi kai tsaye a katin uwa, sharaɗi yara su je makaranta a yi musu rigakafi, ya kai gidaje wajen miliyan 14 a kan kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasar. Habasha tun 2005 take biyan miliyoyin manoma a lokacin da ba aikin gona su yi gyaran ƙasa da madatsun ruwa da hanyoyi, wanda ba shi da ƙarfi a ba shi kyauta. Indiya a 2005 ta yi dokar ba kowane gidan karkara aikin kwana 100 a shekara in ya nema. Irin wannan na Habasha da Indiya shi ya fi dacewa da Arewa a ganina, don mai hali ba zai zo ya ɗauki diga a rana saboda kuɗin yini ba, aikin da kansa yake tace mabuƙaci, kuma in an gama ƙauye ya samu dam ko hanya. Amma ka dubi Afirka ta Kudu ma, tana biyan tallafi ga miliyoyin mutane fiye da kowa a nahiyar nan, rashin aikinta yana sama da kashi 30.

Mu kuma ba baƙin wannan tunani ba ne. Zakka haƙƙi ce a dukiyar mai dukiya, addini ya halatta ciniki da mallaka ya hana riba da ɓoye kaya da tauye mudu. Da hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu suna da rajista mai kyau suna bayyana abin da ya shigo da inda ya tafi, da attajirai da yawa sun daina rabon layi a ƙofar gida. Siyasar Malam Aminu Kano tun NEPU a 1950 ta talaka ce, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, Rimi ya buɗe yaƙi da jahilci na manya. Ba su rufe Kwari ko Kurmi ba, nauyi suka sauke wa talaka.

Abin da zan ce a nema

In da za a tambaye ni, wuta ce farko, ko da a ce a fara da unguwannin masana'antu da kasuwannin masu sana'a ne kawai, don mai walda da tela da mai niƙa da mai ƙanƙara kowannensu zai ɗauki yaro biyu ko uku in ya daina ƙona ribarsa a janareto. Sai ruwan noman rani. Dam ɗin Tiga da Audu Baƙo ya gina a shekarun 1970 shi ke riƙe da Kadawa da Kura har yau, ka je ka ga masu casar shinkafa da 'yan dako da direbobi da dillalai da ke ci a jikinsa, aikin gwamnati ne ya haifi kasuwar 'yan kasuwa. Sai a daina ba kowa kariya ko bashi mai sauƙi sai da sharaɗi rubutacce da ranar ƙarewa. Sai rajista guda ta mabuƙata da ake karanta sunayen a bainar jama'a a ƙauye, a biya ta asusun mutum, a rana sananniya, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Sai dai ka san iyakar maganata. Kwatanta ƙasa da ƙasa ba kamar gwajin ɗakin bincike ba ne, Koriya da Chaina sun yi nasu a ƙarƙashin mulkin kama-karya da ba zan so mana shi ba, kuma a zamanin da masana'anta ke ɗaukar hannu da yawa fiye da yanzu da inji ya karɓe wani aikin. Akwai abokan aikina masu ilimi da ke ganin duk nairar da aka raba gara a sa ta a wuta da hanya, muna saɓani da su, kuma na san yawan zama da talakawa ya sa na fi karkata wajen a raba wani abu yanzu. Sannan duk lissafin nan ba ya aiki a inda manomi ba ya iya zuwa gona sai ya biya 'yan bindiga, kamar yadda ake fama a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, wannan kuwa ya fi ƙarfin masanin tattalin arziki.

Kai kuma ƙanena, kada ka raina teburin nan. Ka fara rubuta abin da ke shiga da fita kullum, ka buɗe asusu da sunanka kuɗin su riƙa bi ta ciki, don duk wani bashi ko tallafin sana'a na gaske da zai zo tarihin asusu zai nema. Ka lura da 'yan kasuwar da ke cire kuɗi a wurinka, wane ne ke buƙatar mai riƙe masa lissafi, wane kaya ne ake zuwa nema a rasa. Ka ci gaba da neman aikin ofis ɗin, amma kada ka ba kowa ko sisi da sunan zai saya maka gurbi, na ga gidajen da suka sayar da gona a kan wannan suka tashi ba gonar ba aikin.